Bin bes, bin murya ko manhaja: wace hanya ce ta fi wajen gano kod da kunne?

Duk wanda ya fara taɓa fiyano ko jita a Jos, a majami'a ne, a situdiyo ne, ko a bayan mawaƙin biki, ba ya daɗewa yake cin karo da wannan matsalar. Ya iya danna kod shida ko bakwai, wato sautuka uku ko fiye da ake dannawa tare, yatsu sun fara sakewa, amma da zarar an tayar da waƙar da bai taɓa bugawa ba sai ya yi tsuru-tsuru yana jiran a faɗa masa abin da zai danna. Rubutaccen kiɗa ba a ma batunsa, domin yawancin waƙoƙin da ake bugawa daga Bukuru zuwa Farin Gada babu wanda ya taɓa zama ya rubuta su. Kunne ne jarin makaɗi a nan. Hanyoyin da ake bi a horar da shi kuwa uku ne. Wasu suna bin bes, sautin nan mai kauri da ke can ƙasan kiɗa. Wasu suna bin muryar mai waƙa da do-re-mi. Wasu kuma suna miƙa wa manhajar waya aikin gaba ɗaya. Kowane ɓangare yana ganin tasa ce daidai, kuma musun ba ya ƙarewa saboda ba a kan waƙa iri ɗaya suke magana ba.

Waƙoƙin da za su zo gabanka iri biyu ne. Akwai wadda an riga an ɗauke ta a situdiyo da bes da fiyano da jita, kod ɗinta yana nan a ciki, aikinka kawai ka tono abin da wani ya riga ya buga. Akwai kuma wadda za ta zo maka da murya zalla, ko murya da ganga: waƙar da wata mama ta tayar a tsakiyar sujada, ko wadda mawaƙi ya rera a waya ya kawo maka ka ɗora mata kiɗa. Wannan ta biyun ba ta da kod ko ɗaya da za a gano. Kai ne za ka zaɓa mata. Wanda ya san wane iri ne ya fi yawa a aikinsa ya riga ya yi rabin zaɓen.

Abu ɗaya ne babu hanyar da za ta ɗauke maka shi, wato gano gidan waƙa. Gida shi ne sautin da waƙa ke komawa ta huta a kansa. Saurari ƙarshen amshi, daidai inda kowa ke sauke numfashi, ka kama wannan sautin da bakinka a rufe, ka riƙe shi, sannan ka laluba maɓallan fiyano ɗaya bayan ɗaya har ka dace da wanda ya haɗe da muryarka ba tare da rawa ba. Maɓallan 12 ne kacal, farare 7 baƙaƙe 5, daga nan sai su maimaita kansu, don haka lalube ba ya ɗaukar lokaci. Da ka samu gida, sunansa do, lambarsa 1. Re 2, mi 3, fa 4, so 5, la 6, ti 7. A kan kowace lamba akwai kod ɗin da aka gina ta hanyar tsallake sauti ɗaya-ɗaya: 1 shi ne do-mi-so, 4 shi ne fa-la-do, 5 shi ne so-ti-re, 6 shi ne la-do-mi. Na 1 da 4 da 5 mejo ne, masu haske. Na 2 da 3 da 6 maino ne, masu sanyi. Su kansu maɓallan da haruffa ake kiransu: idan gidan C ne, 4 F ke nan, 5 kuma G. Idan mai waƙa ta koma gidan F, 4 ya zama B-fulat, 5 ya zama C. Haruffa sun sauya, lambobi suna nan yadda suke, kuma kunne lambobin yake ji, ba haruffa ba.

Do-re-mi ɗin da mawaƙan majami'a ke amfani da shi tsari ne da wani fasto ɗan Ingila, John Curwen, ya yaɗa daga shekarun 1840, bisa aikin wata malama mai suna Sarah Glover ta garin Norwich. 'Yan mishan ne suka shigo da shi makarantu da majami'u, kuma a Jos, inda hedikwatar majami'ar ECWA da ta COCIN suke, ya zauna daram har yau. Kiran kod da lamba kuwa, a sigar da makaɗan zamani ke yi, an fi danganta shi da situdiyon Nashville a Amurka, inda Neal Matthews ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1950 don a iya sauya gida ba tare da sake rubuta takarda ba. Abu guda suke nunawa, ɗaya da baki, ɗaya da yatsa.

Hanyar bes ce mafi saurin ba da sakamako a kan waƙar da aka ɗauka a situdiyo. Kod sautuka uku ne ko fiye da ke tashi lokaci guda, kunnen sabon shiga ba ya iya warware su. Bes kuwa sauti ɗaya yake bugawa a lokaci guda, kuma a mafi yawan kiɗan zamani, a bugun farko na kowane sabon kod yakan sauka a kan tushen kod ɗin, wato sautin da aka gina kod ɗin a kansa. Maimakon farautar uku, ɗaya kake nema. Ka ji bes ya sauka a kan fa, kod 4 ne, mejo. Ka ji ya sauka a kan la, kod 6 ne, maino. Ba ka ma ji sauran sautukan ba tukuna, amma tsarin gidan ya riga ya faɗa maka su.

Abin da ke ƙara wa hanyar nan armashi shi ne yawancin kiɗan da ake ji a mota da shago da wurin biki zagaye ne na kod huɗu ko ƙasa da haka, yana maimaita kansa daga farko har ƙarshe. Zagayen 1-5-6-4 da 6-4-1-5 abu ɗaya ne, inda aka fara ne kawai ya bambanta, kuma su biyun sun cinye kaso mai tsoka na abin da rediyo ke sawa. Hailaif da makosa da kiɗan Kwango sun fi yawo tsakanin 1 da 4 da 5. Rege sau da yawa kod biyu sun ishe shi. A waƙoƙin bishara na zamani masu ɗanɗanon jaz za ka riƙa jin 2-5-1 a ƙarshen jimla. Idan kunnenka ya saba da waɗannan, kana jin kod na biyu ka san na uku da na huɗu.

Sai dai ba a shigarta hannu rabbana. Igiya mafi kauri ta jitar bes mai igiya 4, wato E, tana kaɗawa ne kusan sau 41 a daƙiƙa, ta biye da ita sau 55. Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Abin da ke isowa kunnenka ƙananan sautukan da ke rakiyar bes ɗin ne daga sama, kuma ɗaya daga cikinsu yana faɗawa ne a kan na biyar ɗin sautin ainihi. Shi ya sa wani zai rantse so ya ji alhali do aka buga. Ka nemi iyafis mai toshe kunne sosai, ko ka roƙi zama gaban sifikar situdiyo idan ba a aiki. YouTube yana ba ka damar rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da sauya gidan waƙa ba. Idan kana da kwamfuta, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce, kuma akwai dabarar da ba kowa ya sani ba: ka ɗaga waƙar gaba ɗaya rabin taki 12 (rabin taki shi ne tazarar maɓalli da na kusa da shi, fari ne ko baƙi). Muryar mai waƙa za ta koma ta 'yar tsana, amma bes zai hau zuwa inda kunne ke ji tangaram. Kuma kafin ka taɓa fiyano, ka rera sautin bes ɗin da bakinka. Wanda bai iya rera shi ba bai ji shi ba, hannunsa ne kawai ke caca.

Babban ramin da ke kan wannan hanyar shi ne bes ba kullum yake tsayawa a kan tushe ba. Ɗauki inda bes ke gangarowa do, ti, la, abin da ake yi a waƙoƙi masu sanyi ba adadi. Wanda ya haddace cewa bes shi ne tushe zai danna 1, 7, 6, kuma yana danna 7 ɗin zai ji abu ya yi tsami, domin ti-re-fa kod ne mai ɗaci da ba a cika zama a kansa ba. Abin da aka buga a zahiri kod 5 ne, so-ti-re, sai mai bes ya zaɓi ti don tafiyarsa zuwa la ta yi santsi. Haka idan bes yana kan mi yana shirin hawa fa, sau da yawa kod 1 ne aka kifa, ba 3 ba. Saboda haka ka ji bes a kan ti, fara gwada 5. Ka ji shi a kan mi, gwada 1 da 3 duka, ka bar kunne ya yanke hukunci. A makosa kuma mai bes ba ya zama wuri ɗaya, yawo yake ta yi, sai ka yi watsi da komai ka saurari bugun farko kaɗai. Sannan akwai kod ɗin da ke zuwa daga wajen gida. Masu kiɗan bishara suna son mayar da 2 mejo don ya ja zuwa 5, ko 3 mejo don ya ja zuwa 6. Bes ba zai faɗa maka wannan ba, domin tushen bai sauya ba. Dole ka danna kod ɗin, ka matsar da yatsan tsakiya rabin taki sama ko ƙasa, ka ji wanne ya zauna.

Ga mai sha'awar kiɗan finafinan Hausa da na mawaƙan biki, bin bes ya fi sauƙi fiye da ko'ina. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama ginshiƙin wannan kiɗan, kuma a kansa hannun hagu ne ke ba da umarni: ka danna kod, injin ya saki ganga da bes da sauran rakiya a kan wannan kod ɗin. Akwai ma tsarin yatsa ɗaya, inda maɓalli guda ke ba da mejo, idan ka haɗa shi da baƙin maɓalli na hagunsa ya ba da maino. Bes ɗin da inji ya buga ba ya wayo, tushe yake bi. Wahalar a nan wata ce daban. Kiɗan yakan daɗe a kan kod ɗaya, kayan sama suna ta kai da komo, sai sabon makaɗi ya ɗauka kod ne ke sauyawa ya yi ta sauya hannu a banza. Idan bes bai motsa ba, kai ma zauna.

Duk wannan yana aiki ne muddin akwai bes. Ka je majami'a mai sujadar Hausa a Tudun Wada ko Nasarawa Gwong ranar da Zumuntar Mata ke da waƙa. Mama mai ba da waƙa ba ta tambayar kowa gida. Za ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya daidai inda maƙogwaronta ya ga dama a wannan safiyar, tulu da caki su shiga, mata su amsa. Yaron da ke kan fiyano yana da zagayen amshi ɗaya, da ƙyar biyu, kafin a lura ya yi shiru. Kalli hannunsa. Ya rage ƙara, ya kara kunne kusa da sifika, leɓensa yana motsi, yatsa ɗaya yana taɓa maɓalli yana ɗagawa. Ya samu gida, ya buɗe ƙara a hankali, ya shiga a farkon amshi na gaba kamar da ma jira yake. Babu bes da zai bi, domin mai bes ma hannun yaron yake kallo. Babu damar ciro waya. Idan kuwa ya kuskure, bayan an tashi zai ji, "Ɗana, yau kiɗanka ja na yake ta yi baya," shi kuma ba abin da zai ce sai, "Ki yi haƙuri, Mama."

Abin da leɓen yaron ke yi shi ne hanya ta biyu: yana mayar da waƙar do-re-mi a bakinsa. Daga nan sai lissafi. Ba kowane sautin murya ne ke buƙatar kod ba, sai wanda ya faɗa a kan bugu mai nauyi da wanda aka ja. Kuma kowane sauti yana zaune a cikin kod uku. Do yana cikin 1 da 4 da 6. Re yana cikin 2 da 5 da 7. Mi yana cikin 1 da 3 da 6. So yana cikin 1 da 3 da 5. La yana cikin 2 da 4 da 6. Ke nan murya ba ta ba ka amsa ɗaya, zaɓi take ba ka.

Ga misali, layi mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa bugu huɗu: so mi mi re, sai do la do do, sai re re mi re, sai do da aka ja. Gaɓar farko so da mi ne suka mamaye ta, 1 ne ya haɗa su biyun. Ta ƙarshe gida ce, 1. Ta uku re ce ke mulki, mi ɗin wucewa kawai yake, 5 zai ɗauke ta ya miƙa ta gida. Ta biyu ce ke da magana. Do da la duk suna cikin 4, kuma duk suna cikin 6. Ka danna 4, layin ya buɗe, ya zama na murna da tafi. Ka danna 6, layin nan dai da muryar nan dai ya koma na roƙo. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kalmomin waƙar ne za su faɗa maka wanda ya dace, kuma wannan hukunci ne da babu bes ko manhajar da za ta yanke maka shi.

Nan ne waƙar Hausa ke da nata hali. Da yawa daga karin waƙoƙinmu na gargajiya, da na majami'a da aka gina a kansu, sautuka 5 suke amfani da su: do, re, mi, so, la. Babu fa, babu ti. Su kuwa fa da ti su ne ke fayyace kod 4 da 5 a kiɗan Turawa. Idan babu su, kusan duk kod ɗin da ka danna zai yi kamar ya shiga, kuma wannan alheri ne da tarko a haɗe. Baƙaƙen maɓallan fiyano guda 5 daidai wannan tsarin suke, shi ya sa za ka ga makaɗi ya manne wa gidan F-shaf, domin a can karin waƙar yana kwance a ƙarƙashin yatsunsa. Sannan a irin wannan karin, gida yakan zama la, ba do ba. Idan amshi yana komawa la yana hutawa, kai kuma kana ta tura shi 1 da ƙarfi, waƙar za ta yi kamar an sa mata rigar wani. Ka bar ta a 6, ka riƙa leƙa 5 ko 4 kana dawowa.

Kada a manta, wannan karin ya rayu shekaru aru-aru ba tare da kod ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai igiya ɗaya ya yi duk abin da ya yi. Mai goge da mai garaya da mai gurmi layi suke ja, suna bin murya suna amsa mata, ba sautuka uku suke tarawa a ƙasanta ba. Ga shi kuma hawa da saukar karin sau da yawa suna bin hawa da saukar maganar Hausa ne, don haka mawaƙi ba zai lanƙwasa layinsa don ya dace da kod ɗinka ba, kai ne za ka bi shi. A ganina mafi yawan ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan waƙoƙin ta yawan kod ce. Yaro ya koyo 2-5-1 da kod masu sautuka biyar-biyar daga bidiyon makaɗan Amurka, sai ya juye su duka a kan waƙar da kod biyu suka ishe ta, abin ya zama kamar gwaten acca da aka cika wa kayan ɗanɗano har aka daina jin yakuwa da gauta. Idan kana shakka tsakanin mejo da maino, cire yatsan tsakiya, ka danna tushe da na biyar kawai. Wannan ba ya faɗa da komai, kuma ya fi kusa da yadda kayan kiɗanmu ke rakiyar murya.

A situdiyo ma hanyar nan ce ke ciyar da mutum. Mawaƙi zai shigo da abin da ya ɗauka a waya tsakar dare, ya ce, "Oga, ga ta nan, so nake kiɗan ya taɓa zuciya." Mai haɗa kiɗa zai ce, "Sake rero min amshin, a hankali." Sau da yawa baitin farko yana gida ɗaya, na uku ya riga ya hau rabin taki saboda babu abin da ke riƙe muryar. Sai an fara zaunar da gida, an ba shi sauti a kunne, sannan a yi maganar kod.

Aibin bin murya biyu ne. Na farko jinkiri: kafin bakinka ya iya mayar da duk abin da ka ji do-re-mi nan take, sai an yi watanni ana rerawa kullum, kuma masu fiyano da yawa suna jin kunyar buɗe baki. Na biyu, a kan waƙar da aka riga aka ɗauka, hanyar nan tana ba ka kod ɗin da zai shiga ne, ba lallai wanda aka buga ba. Idan kai kaɗai ne, babu laifi. Idan kuna bugawa ku biyar a wurin biki, kai ka zaɓi 4, mai bes ya bi asalin waƙar ya sauka a 6, to kun yi karo a gaban jama'a.

Manhajoji ba sa buƙatar dogon bayani. Chordify tana sauraron waƙa ta jero maka haruffan kod suna tafiya tare da kiɗan. Chord Tracker ta kamfanin Yamaha tana yin irin wannan a kan waƙoƙin da ke cikin wayarka. Moises kuma tana iya rarraba waƙa, ta ware murya daban, ganga daban, bes daban. A kan kiɗa mai tsabta da zagaye mai sauƙi suna yin ƙoƙari ƙwarai, kuma ga wanda aka ba waƙa goma ranar Juma'a aka ce Asabar ne bikin, ba zan ce kada ya taɓa su ba. Amma duk manhajar irin wannan zato take yi daga abin da ta ji. Idan ganga da kalangu sun cika kiɗan, ko murya ce zalla, za ta jero maka kod ɗin da babu wanda ya buga. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset sukan faɗa tsakanin maɓalli biyu saboda gudun kaset ɗin bai daidaita ba, sai ka ga haruffa suna tsalle tsakanin gida biyu, alhali kunne zai gane a take cewa fiyanon ne ke buƙatar a ɗan karkata saitinsa daga 440, wato adadin kaɗawar sautin A a daƙiƙa da aka saba saita shi a kai. Ga data, ga wasu ayyukan sai an biya. Mafi muhimmanci, haruffa take ba ka. Ka haddace G, D, E maino, C, sai mawaƙiya ta ce mura take yi a sauke mata, ka koma farko. Amfaninta na gaskiya biyu ne: ta ware maka bes ka saurare shi shi kaɗai, sannan ta zama mai duba aiki bayan ka riga ka rubuta naka zaton. Inda kuka saɓa, ka koma ka saurari wurin sau da yawa. Wani lokaci ita ce da gaskiya, wani lokaci kai ne.

To wa zai ɗauki wacce? Idan aikinka maimaita waƙoƙin da suka riga suka fita ne, a biki ko wurin shaƙatawa ko ƙungiyar matasa ta majami'a, fara da bes, cikin 'yan makonni za ka ga bambanci. Mai jita ma haka, domin igiyoyinsa biyu mafiya kauri su ne E da A, irin na bes, yana iya bin tushe a kansu kafin ya kama cikakken kod. Idan kuwa kana raka mawaƙa kai tsaye, ko kana haɗa wa masu waƙar Hausa kiɗa, bin murya ba zaɓi ba ne, dole ne, kuma gara ka fara shan wahalarsa tun yanzu. Wanda bai san inda zai dosa ba tukuna, ni dai do-re-mi zan ce ya fara da shi, ko da jinkirinsa. Dalilina shi ne mai iya rera do-re-mi yana iya juya shi kan bes a rana ɗaya, tunda bes ma layi ne da ake rerawa. Mai bin bes kaɗai kuwa, ranar da aka ɗauke masa bes ba shi da madafa.

Za a tambaye ni batun tiransfos, maɓallin nan da ke ɗaga fiyano ko sauke shi don mutum ya ci gaba da bugawa a gidan da ya saba. Ba kunne yake cutarwa ba, domin mai amfani da shi ma sai ya ji gida ya ji lambobi. Hannu yake gurguntawa, kuma ranar da aka manta shi a ɗage aka shiga waƙa ta gaba, kowa a ɗakin zai sani. Ka riƙe shi don gaggawa, amma duk zagayen da ka gano, ka buga shi a gida uku ko huɗu kafin ka tashi: C, F, G, sai ɗaya daga cikin masu baƙaƙen maɓallai.

Idan kuna bugawa a ƙungiya, akwai abin da ya kamata ku daidaita tun a wurin gwaji. Mai fiyano yakan ɗaga yatsu ya nuna wa mai bes da mai jita kod na gaba, kuma wannan yana tafiya lafiya har sai an zo waƙar da gidanta la ne. Wanda ya taso da do-re-mi zai kira gidan 6, zagayensa ya zama 6-4-5-6. Wanda ya koyo daga bidiyon intanet zai iya kiran gidan nan dai 1 maino, sai yatsa huɗun da ka ɗaga ya kai shi wani kod daban. Duka biyun ana yi, amma ba a haɗa su a dandali ɗaya. Tunda yawancin mawaƙan da za ku raka a Jos da do-re-mi suka tashi, ku bar la a matsayin 6, ku kuma yanke yadda za a nuna 6 da 7 da hannu ɗaya, domin ɗayan hannun yana kan fiyano.